Damagaram, Neman Kaset ɗin Jemagu

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta Kwaciri wasu sun ce aure na je nema, wasu sun ce atamfa na tsallakar ta bayan fage. Alhaji Ɗanlami mai shadda kuwa rantsewa ya yi wai wajen malami na je, saboda ina son tsayawa kansila, tunda sojoji sun koma bariki kowa ya zama ɗan siyasa. Na gaji da ba da labari guntu-guntu tsakanin la'asar da magariba, shi ya sa na zauna na rubuta. Gaskiyar ta fi duk waɗannan ban kunya. Kaset na je nema.

Dole in koma baya kaɗan. A mulkin farar hular da ya gabaci wannan ina ɗan shekara ashirin, ina taya mahaifina zaman shago a kasuwar Kwari, kaina cike da gashi. Abokina tun firamare shi ne Emeka, Inyamuri haifaffen Sabon Gari, wanda Hausarsa ta fi tawa iya zagi. Wani ɗan'uwansa ya dawo daga Ingila da kaset-kaset da mujallu na wani kiɗan samarin can masu fushi da kowa, wai shi pank, da ƙaninsa na masu baƙaƙen kaya da ake kira got. Muka saurara, muka ji kamar ana faɗa a maƙera, muka ce lallai wannan namu ne. Aka kafa ƙungiya, aka sa mata suna Jemagu. Emeka ke buga ganguna, wasu 'yan'uwa biyu ke kaɗa jita, mai waƙa kuma Bukar, wani siririn Babarbare ɗan Fagge. Ban ce waƙa yake yi ba, ihu yake yi, amma ihu ne mai tsari. Ni ko tafi ban iya daidai ba, saboda haka aikina bin su. Na bi su Zariya, na bi su Kaduna, na bi su Jos a bayan motar dankali.

A mujallun nan, Turawan a cikin sanyi da duhu suke. Mu kuwa mai otal ɗin da ya yarda da mu a Sabon Gari ranar Lahadi da ƙarfe uku na rana ya ba mu, lokacin da ba kowa. Sai ka gan mu cikin baƙaƙen kwat na gwanjo, an maƙale su da fil, mun tayar da gashi da sabulu, mun zambaɗa kwalli. Kafin waƙa ta biyu sabulun ya narke ya shiga ido, kwallin ya gangaro har haɓa. Ba mu taɓa cika benci uku ba, kuma rabin benci ɗaya masu jiran a gama ne su share wurin. Duk da haka ban taɓa jin daɗi a rayuwata irin na waɗannan Lahadin ba, kuma na je Makka sau biyu, Allah ya yafe mini.

Daga gida ba na fita a Jemage. Kaftani da hula nake sawa, kwat ɗin a leda, sai na zo mahaɗar Bata in laɓe bayan rumfar wani mai gyaran takalmi in canza. Da an tashi in wanke fuska in mayar da kaftanina. Saboda haka Emeka bai taɓa kirana Sabi'u ba. Matsoraci yake ce mini, ko a gaban mutane.

Sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukar kiɗan Jemagu, ni na ɗauka, da rediyon mahaifina mai batir. Wanda ya san kaset ya san akwai 'yan kunnuwa biyu na roba a samansa. In ka fasa su, ba mai iya ɗaukar wani abu a kai, abin da ke ciki ya zauna ke nan. Ranar da muka gama na zaro mukulli zan fasa, Bukar ya riƙe hannuna. Ya ce mu ba kayan tarihi ba ne, duk abin da aka adana ya mutu. Emeka ya ce, "Matsoraci, har kaset ma tsoro kake ji masa?" Na mayar da mukullina aljihu. Bayan 'yan watanni sojoji suka dawo, kowa ya kama gabansa. Bukar ya bi kawunsa mai sayar da turare zuwa Damagaram, kaset ɗin yana jakarsa.

Emeka ya zama mai sayar da kayan gyaran mota, ni na gaji shago, muka yi tumbi tare. Wata biyu da suka wuce ya faɗi a shagonsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya rufe. Ko sunan matarsa ba ya iya furtawa. Ranar Litinin na je duba shi, matar, Mama Chioma, ta ja ni gefe ta ce 'yan'uwansa za su zo ranar Asabar su tafi da shi garinsu, domin su a al'adarsu ba a barin mutum ya ƙare a nesa da gida. Sannan ta miƙo mini wata takarda da ya zana da hannun hagu: akwati ne, da ƙwallaye biyu a ciki.

"Alhaji, tun jiya yake nuna mini wannan. Na kawo tabarau, ya ture. Na kawo risho, ya yi fushi. Mene ne?"

Na dubi Emeka, ya dube ni. Na ce masa kafin Asabar zan kawo.

Da na koma gida na tono tsohon kwat ɗina a ƙasan akwati. Ina kokawa da shi, hannu ɗaya ya shiga ɗaya ya ƙi, sai ga matata Hajiya Rabi a bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallona.

"Alhaji, in ciwon ne ya taɓa kai, ka faɗa mini tun yara ba su dawo daga makaranta ba."

Na cusa shi a jaka. Har yau ban san dalilin da ya sa na tafi da shi ba. Ƙwayar hawan jinina kuwa, wadda ita ce ya kamata in ɗauka, a kan tebur na bar ta.

Talata da safe na shiga mota a tashar Ƙofar Ruwa, tsohuwar mota mai cin mutum tara da aka ɗura mata sha ɗaya. Na nemi gidan gaba don girma, aka haɗa ni da wani dillalin albasa wanda ya fi ni faɗi. Mutumin da ya yi tafiyar Jos a kan buhun dankali yana ihu, yau tun kafin Kazaure gwiwarsa ta fara kiran sunan Allah. Bayan Kazaure taya ta fashe, aka sauya, motar kuma ta ƙi tashi sai da turi. Na sauko na tattara babbar riga, na tsaya a gefe ina ba da shawara. Dillalin albasa shi ma shawara yake bayarwa. Wasu mata biyu ne da wani malamin makaranta suka tura. A Daura muka sha fura, direba ya tafi gaisuwar mutuwa ya bar mu awa guda, ba wanda ya ce uffan, sai addu'a ma da muka yi wa mamacin da ba mu sani ba.

A Kwangwalam, bakin iyaka, namu masu kakin suka leƙo, suka ga furfura da carbi, suka ce mu wuce. Can gaba kaɗan, a ɓangaren Nijar, aka sauke mu duka. Wani dogo mai kaki, a tsaye ƙyam kamar an goge shi da dutsen guga, ya ce, "Mushe, kat dantite." Faransanci ke nan, wai malam, kawo katin shaida. Su can ba sa wasa da takarda. Mu a nan mutum sai ya kai shekara hamsin hotonsa ɗaya a duniya, na fasfon aikin hajji. Ya duba fasfona, ya duba fuskata, ya buɗe jaka. Ya ɗago kwat ɗin da yatsu biyu. Fil sun yi tsatsa, a baya ga jemage da na zana da farin fenti, ya fi kama da kaza.

"Wannan fa?"

Duk fasinjoji suka zuba mini ido. Na ji bakina yana cewa, "Na yaro ne, ranka ya daɗe. Ƙwace shi na yi."

"Ka yi daidai, Alhaji. Yaran yanzu sun lalace. Ka ja masa kunne."

Na ce wallahi sun lalace. Dillalin albasa ya ƙara da cewa duk laifin bidiyo ne. Daga nan har Matamai zancen lalacewar yara ake yi a motar, kuma ni na fi kowa zafi. Da Emeka yana nan, na san abin da zai kira ni.

Mun shiga Damagaram rana ta take, gari tsit. Na ɗauka rasuwa aka yi. Ashe su da tsakar rana kowa rufewa yake yi ya tafi ya kwanta, sai wajen la'asar a buɗe. Ɗan Kwari ya ga shago a rufe ana tsakiyar ciniki, sai da na ji zazzaɓi. Na sauka a wani masauki kusa da tasha. Mai gidan ya kawo mini bokiti ɗaya na ruwa, ya yi mini bayani a natse cewa da shi zan yi wanka da alwala da wanki, in ya yi saura kuma a mayar masa. Ruwa a garin nan daraja gare shi. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ana rataya shi a hammata, in ka ciza sai ya rama. Amma kilishinsu, in faɗi gaskiya ko da za a kore ni daga Fagge, ya fi namu.

Laraba na shiga kasuwa layin masu turare. Adireshin da nake da shi duka-duka shi ne: Bukar mai turare. Ashe a layin nan wanda ba Bukar ba, to Modu ne. Na gaisa da Bukar uku, kowanne ya shimfiɗa mini tabarma ya dafa shayi, kuma shayinsu hawa uku ne, in ka tashi bayan na farko ka yi rashin ladabi. Kofi tara na sha, ga hawan jini ba magani, zuciyata tana bugu irin na Emeka. Suka ce in kwatanta shi. Na ce dogo ne, siriri, gashinsa a tsaye, yana da 'yar sarƙa a wuya. Wani dattijo ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce, "Alhaji, wannan in ya taɓa zuwa garin nan, to ya daɗe da tahiya." Sai a lokacin na lura mutumin da nake kwatantawa babu shi a ko'ina. Ni ma da wani zai zo Kwari da irin wannan kwatance, ba zai same ni ba.

Laraba ta tafi a banza. Alhamis da hantsi na sake zagayawa har unguwar Zango, ba labari. Na zauna a bencin wani mai kilishi, jikina a mace. Gobe Juma'a dole in kama hanya, in dai ina son in tarar da Emeka. Abin da ya fi damuna shi ne yadda zan shiga ɗakin nan hannu rabbana, ya dube ni, ba shi da bakin da zai zage ni ma.

Sai aka fara kiran azahar. Masallatai da yawa suka ɗauka lokaci guda, amma akwai wata lasifika can bayan duwatsu da muryar cikinta ta hau sama, ta hau, ta kai wani wuri ta tsage, sannan ta riƙe tsagewar ba ta sake ta ba. Na sha jin wannan tsagewar a Zariya da Kaduna da Jos, sabulu yana cin idona. Na bar kilishin a benci na bi muryar lungu-lungu, ina haki, babbar riga tana harɗe ni.

Ƙaramin masallaci ne. Bayan an sallame na ga ladanin yana naɗe wayar lasifika: wani ƙaton mutum mai farin gemu da rawani. Na matsa na ce a hankali, "Jemage." Wayar ta faɗi daga hannunsa. Ya waiga dama da hagu, ya damƙi hannuna, ya ce cikin raɗa, "Sabi'u, don girman Allah kar ka ƙara. Nan Malam Bukar suka sani."

A zaurensa aka kawo tuwon gero da miyar kuka, aka ɗora shayi. Ya tambayi Fagge gida-gida. Da na kawo zancen Jemagu ya ɗaga hannu ya ce wannan zamanin jahiliyya ne, Allah ya shirye mu, a bar shi. Na bar shi ya gama. Sannan na gaya masa halin da Emeka yake ciki, na ciro takardar zanen na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallonta, shayi ya tafasa ya zube a gawayi bai kula ba. Ya tashi ya shiga ciki, ya fito da wani gwangwanin turare, ya buɗe. Kaset ɗin ne, har da rubutuna a jiki.

"Sai dai akwai magana," in ji shi. "Na yi wa'azi a kai."

"Wa'azin me?"

"Illar kaɗe-kaɗe ga matasa."

Wallahi da ba a gidansa nake ba da na zage shi. Na ce, "Kai ne fa ka riƙe hannuna! Da ka bar ni na fasa kunnen nan, da yanzu yana nan yadda yake."

"To ai ka ga amfanin barin sa," ya ce, amma bai iya haɗa ido da ni ba. Ya jawo rediyo, ya juya kaset ɗin, ya zura biro ya yi ta murzawa har kusa da ƙarshe, ya saka. Muryarsa ta fito yana rufe wa'azi da salati. Kaset ɗin ya ɗan yi shiru. Sai kawai zauren ya cika da ihu da ƙarar jita, kamar an buɗe ƙofar maƙera. Ba a jima ba jitar ta mutu, ihun ya mutu. Na tuna: ranar nan ana tsakiyar waƙar ƙarshe aka ɗauke wuta. Rediyon mahaifina mai batir ne, ganguna kuma ba ruwansu da wuta. Emeka bai tsaya ba. Shi kaɗai yake ta bugu, sai wata siririyar murya tana ihu a kusa, "Kar ka tsaya! Emeka, kar ka tsaya!" Muryata ce. Abin bai fi minti ɗaya ba, kaset ya ƙare.

Muka zauna, dattawa biyu, kowa yana kallon bango. Na ce, "Me ya sa ka bar nan wurin?"

"Wa'azin ne ya ƙare a nan."

Daga bayan labule matarsa ta ce, "Da agogo a hannu ya yi wa'azin nan, Alhaji. Ina kallo."

Bukar bai iya biyo ni ba, ba mai riƙe masa kiran salla. Ya ba ni turare in kai wa Mama Chioma. Da ya rako ni bakin titi ya ce, "Ka gaya wa Emeka har yanzu sauri yake yi. Kullum sai ya riga ni." Ya juya da sauri ya koma.

Juma'a a kan iyaka, dogon mai kakin nan na sake tararwa. Ya ga kaset a aljihun gaban rigata ya ce sai an ji abin da ke ciki. Ya saka a rediyonsa ya mayar da shi baya, babban yatsansa yana shawagi dab da jan maɓallin ɗauka, ga kunnen kaset ba a fasa ba. Ban taɓa yin addu'a da gaske irin ta wannan lokacin ba. Allah ya sa ya danna daidai. Muryar Malam Bukar ta fito tana bayanin yadda ganga ke raba yaro da iyayensa. Mutumin ya gyara tsayuwa, ya saurara har minti biyar yana gyaɗa kai, ya ciro ya miƙo mini da hannu biyu.

"Alhaji, ka sa wa mai kwat ɗin nan ya ji."

Na ce, "Ai ya ji, ranka ya daɗe. Har kuka ya yi."

Asabar da safe na isa Sabon Gari. An riga an ɗaure kaya a kan bas, 'yan'uwansa biyu suna duba agogo, matan cocinsu sun cika falo suna addu'a. Emeka yana kan kujera, an sa masa sabuwar riga. Na karɓi rediyon gidan na saka. Saboda mai kaki ya mayar da kaset ɗin baya, ni kuma ina tsoron in murza da yawa ya tsinke, sai da matan coci suka sha kusan minti goma na wa'azin Malam Bukar. Suka saurara cikin ladabi, wata ma tana cewa amin. Babban wansa ya matso ya ce, "Alhaji, mun gode da addu'a, amma hanya da nisa." Na ce ya ƙara haƙuri kaɗan. Ni Emeka nake kallo. Tun kalmar farko ya gane muryar, gefen bakinsa mai rai yana ta rawa.

Salati, shiru, sai ihu. Matan coci suka zabura, wata ta yi waje. Wuta ta ɗauke a cikin kaset, ganguna suka rage su kaɗai. Hannun hagun Emeka ya fara bugun hannun kujera, yana bi, bai kuskure ko ɗaya ba. Hawaye na zuba ta ido ɗaya. Da muryata ta fito tana cewa kar ya tsaya, ban san lokacin da na kama faɗa tare da ita ba, da tumbina da furfurata, a gaban matan mutane.

Kaset ya ƙare. Na durƙusa na gaya masa saƙon Bukar, cewa har yanzu sauri yake yi. Ƙirjinsa ya girgiza, dariya ce ba sauti. Mama Chioma ta ce za su tafi da kaset ɗin. Na tuna gidan da za shi, cike da jikoki da 'yan'uwa da rediyo, kowa da waƙar cocin da yake son ɗauka. Na zaro mukullin shago, na sa a kunnen farko, ƙas. Na sa a na biyu, ƙas.

Emeka ya zuba mini ido. Bakinsa ya karkace, ya yi ta kokawa, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ma... tso... raci."

Mama Chioma ta ƙwala ihu ta faɗi a gwiwa tana kiran Yesu. Wata biyu ba ta ji kalma daga bakinsa ba, ta farko kuma zagina ce. Na ce, "Na ji, na karɓa. Amma yanzu ba mai goge ka." Na sa masa kaset ɗin a aljihu, na ciro kwat ɗin daga jaka na shimfiɗa masa a cinya, jemagen yana sama.

Ni na kama shi ta ɓarin da ya mutu muka sa shi a mota. Na tsaya a titi har bas ɗin ta sha kwana, sannan na tako da ƙafa ta Bata zuwa gida. Rumfar mai gyaran takalmin nan babu ita, an yi shagon sayar da fanka a wurin. Ban sani ba ko zan sake ganin Emeka.

Abin da ya kai ni Damagaram ke nan. Wanda ya fi son ya ce aure na je nema, ya ci gaba da faɗa, ba zan musa ba.